Kalmar Sirrin Kwamfutar Baba

Akwai wata Asabar ta damina da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani. Ranar ce na tayar da tsohuwar kwamfutar mahaifinmu a gidanmu na Kurmin Mashi, shekaru bayan rasuwarsa.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Baba, Allah ya jiƙansa, ya riƙe alkunya irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce da wani ƙanena, "Kira min yayarka." In na zo, "ke" ce kawai, idonsa na kan jarida. Ƙannena kuwa har kan cinya yake ɗora su, yana kiran sunayensu yana tsokanarsu. Umma ma haka take, ita har yau. Kowa ya gaya min al'ada ce, ni ma na sani, amma sanin bai hana abin ci min rai ba. Har aka kai Baba makwancinsa ina riƙe da tambaya ɗaya: a bayan wannan kawar da kai akwai wani abu game da ni, ko babu komai?

Kwamfutar ya saye ta ne dab da zai yi ritaya daga aikin gwamnati. Kullum bayan ya sha shayin safe sai ya yaye zanen da yake rufe ta da shi, ya zauna gabanta, babu kuma wanda ya isa ya taɓa ta. Mun sha yin cacar baki a kan abin da yake yi da ita. Da ya rasu aka ja ƙofar ɗakin, aka manta da ita.

To, a waccan daminar rufin ɗakin ya fara yoyo. Autanmu, wanda ke zaune a gidan da iyalinsa, ya kira ni ya ce zai kwashe tarkacen, 'yan gwangwan za su zo bayan la'asar. Ban ko gama wanke-wanke ba na hau keke napep daga Kinkinau. Ni dama akwai ni da bin diddigi, ba na iya ganin abu a rufe in wuce.

Na same ta a inda take. Farin jikinta ya koma ruwan ƙwai, allon kallon nan mai ƙatuwar ƙeya ya cika rabin tebur. Kibod ɗin ya yi ƙura, da na goge sai na ga wasu haruffa sun koɗe, sauran kuwa kamar sababbi. Ban kawo komai a raina ba.

"Yaya, wannan fa ta riga mu gidan gaskiya," in ji auta. "Ki bari a kai ta makwancinta."

"Ba ni lokaci zuwa la'asar," na ce.

Sa'ar da muka ci, akwai wuta. Na jona wayoyin, na yi bismillah na danna maɓallin kunnawa. Fankar da ke cikinta ta yi wani gurnani ta tsaya, sai kwamfutar ta hau kuka, ɗit, ɗit, ɗit, allon baƙi ƙirin. Auta ya riƙe ciki yana dariya, wai tana neman mai gidanta. Ni aikin ofis nake yi, kullum ina gaban kwamfuta, amma ban taɓa leƙa cikinta ba. Na duba a wayata abin da kukan ke nufi, na ari sukuddireba, na kwance murfin. Abin da na fara gani shi ne gidan zanzaro, an gina shi tsaf a jikin fanka. Na ɓamɓare shi da tsinken tsintsiya. Sannan na zaro wasu siraran korayen alluna biyu da aka ce su ne ƙwaƙwalwar aikinta, na goge bakinsu da abin goge fensir na 'yar auta, na mayar har suka ce ƙas.

Da na sake dannawa, kuka ɗaya ta yi. Allon ya yi ɗumi a hankali, fararen rubutu suka fito. Ƙorafi take yi wai ba ta san kwanan wata ba, don ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu tuntuni. Abin ya ba ni mamaki, ashe na'ura ma tana farkawa ta rasa a wane zamani take. Na danna maɓallin da ta nema. Daga cikinta aka fara wani ƙarar ƙurr, ƙurr, kamar ɓera a bayan buhu, wani ɗan shuɗin layi yana ta kai da komo. Mun daɗe muna kallonsa. Auta ya daina dariya, ya jawo kujera.

Sai ga shuɗin allo, ga sunan Baba, a ƙasansa ɗan farin akwati yana jiran kalmar sirri.

Na jawo kibod ɗin gabana. Muka gwada sunansa, muka gwada garinsu, shekarar haihuwarsa, lambar tsohuwar motarsa. Auta ya karɓi kibod ɗin yana murmushi ya ce, "Ai an san ɗan gaban goshi," ya rubuta sunan kansa. Ta ƙi. Ya bi sunayen sauran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, har da na Umma. Nawa bai gwada ba, ni ma ko kusa bai zo min a rai ba. Ana haka aka kira la'asar, muka jiyo mai gwangwan yana buga ƙarfe a ƙofar gida.

Ashe Umma ta daɗe tsaye a bakin ƙofa da carbinta. Tun rasuwar Baba ba ta cika shiga ɗakin ba. Ba ta dube ni ba, auta ta duba, ta ce a hankali, "Kai, sa sunan yayarka."

"Wace yayar, Umma?"

"Yayyenka nawa ne a ɗakin nan?" Ta juya ta koma tsakar gida.

Auta ya turo min kibod ɗin. Na ɗora yatsa a kan harafin farko, sai na ga yana cikin waɗanda suka koɗe. Na biyu ma haka. Har na kai ƙarshen sunana ban taɓa maɓalli ɗaya mai sauran fenti ba. Na danna, lasifikar ta saki ɗan kiɗan nan da muke jiyowa daga ɗakin Baba kowace safiya, allon ya buɗe da hoton koren tudu da shuɗin sama.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Wasan karta ne da ake yi da maus, da wasu hotunan bikin sallamarsa daga aiki. Ashe Baba ba ya rubuta komai da ita. Abu ɗaya da yake bugawa a kibod ɗin nan shi ne sunana, da yatsa ɗaya, kowace safiya, har fentin ya gaji ya bar maɓallan. Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwarsa. Auta ya fita ya sallami mai gwangwan da tsohuwar fankar ɗakin da karyayyun kujeru.

Da zan tafi na durƙusa gaban Umma na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Ranar da aka kawo ta, mai haɗawa ya ce a ba shi kalmar da ba za a manta ba. Bakin babanku ya kasa, sai ya ce mutumin ya kau da kai, ya buga da kansa. Ni kuma ina tsaye a bayansa da shayi."

Kwamfutar tana ɗakina yanzu, na sa mata sabon batir, wani lokaci nakan kunna ta don kawai in ji kiɗan. Abin da na koya a ranar shi ne kada in auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ya iya furtawa, musamman iyayenmu da aka rena da kunya. Amma na koyi wani abu kuma. Da na isa gida a yammacin nan, tun daga bakin ƙofa na ƙwala wa ɗana na fari kira da cikakken sunansa. Ya fito a guje yana tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, so nake kawai ya ji.