Dutsen Babana Yana Cikin Wata Tifa

Kun taɓa yi wa mahaifinku ƙarya yana kallonku? Ni na yi, yau kwana tara.

Babana mai haƙa rijiya ne, shekara talatin yana shiga rami, duk gwiwoyinsa sun tafi. Tun kafin a haife ni, yana zurfin gaba goma sha biyu a ƙasa, digarsa ta ci karo da wani dutse kamar bulo, da muƙamuƙi manne a jiki, haƙora huɗu manya. Wata malamar jami'a ta zo ta gani ta ce na wani irin biri ne marar jela da ya ƙare a duniya tun babu mutane, ƙashin ne ya zama dutse. Ta ce ya ba su, ya ce a'a, shi ya tono abinsa.

Shi ke nan ya naɗe shi a tsohuwar rigarsa, ƙarƙashin gado. Duk baƙon da ya zo kafin a ba shi ruwa sai ya ga haƙori. Mama takan ce, "Malam, bar mutum ya zauna mana, ba wajen kakanka ya zo ba." Shi kuma ya yi ta dariya. Ni ce ba na dariya, don a layinmu 'yar biri ake ce min, har a shagon ɗinkin da nake koyo.

Ran nan Baba ya tafi asibitin ido, wata tifa ta mutu a gangaren ƙofar gidanmu tana ja da baya, direba na ihu a kawo dutse a tare taya. Ƙawayena na tsaye. Wallahi da gudu na shiga na ɗauko dutsen Baba na miƙa, har ina cewa ga kakana ya yi amfani yau, suka fashe da dariya. Na ɗauka zai bar shi a nan in mayar. Ashe direbobi in sun samu dutse mai kyau ba sa bari, ya jefa shi cikin mota ya wuce.

Baba ya dawo ya laluba, riga kawai. Ya ce, "Uwata, kin ga dutsena?" Na ce ban gani ba. Ya ninke rigar ya mayar. Kullum da safe sai ya sake lalubawa, idon ma ba ya gani sosai, dama can da yatsa yake ƙirga haƙoran.

Tifar shuɗiya ce, an ɗaure ƙofar direba da igiya. Don Allah ku tura wa duk mai tifar da kuka sani, ya duba dutsen tayarsa, in da haƙora na Babana ne. Yau zan faɗa masa gaskiya, ko an samu ko ba a samu ba.