Sabi'u da Tsutsotsin Karfasa

Sabi'u Ashiru Bauranya, wanda aka haifa a shekarar 1958, manomin gero ne da damina, masunci da rani. Wata shekara ya ɗebo 'ya'yan karfasa a jarka daga tafkin Kunduru, ya zuba a kududdufin gonarsa, kamar yadda masunta suka saba. Kafin wata ya cika, kifayensa na asali suka fara mutuwa.

Ya ari gilashin ƙara girman abu na wani mai gyaran agogo a Kusada, ya ɗaga kunnen kifi, sai ga tsutsotsi fale-fale sun manne a naman. Ya bi tafkuna biyar yana dubawa. Tsutsar tarwaɗa iri ɗaya ce ko'ina, ta karfasa kuwa kowane tafki da tasa.

Ya faɗo gida a guje yana kiran matarsa.

"Halimatu, na gano! Idan an yi ruwa, tarwaɗa takan ja ciki a ciyawa ta sauya tafki tare da tsutsarta. Karfasa ba ta fita, sai an ɗauke ta! Baƙuwar tsutsa ce ke kashe mana kifi!"

"Ashe, Malam, kai ne tarwaɗar," in ji ta, tana dariya.

Ya daina zuba baƙon kifi, kududdufin ya farfaɗo. Ya bi masunta gida-gida yana roƙonsu su bar wannan al'ada. Na Kunduru suka ce sai sun ga tsutsotsin da idonsu ranar da za a buɗe tafkinsu don kamun kifi. Ya amsa da murna. Ya rasu saura mako biyu a buɗe.