Tanti Hadiza ta biya kowa, ita ba a biya ta ba

Ranar Talata da hantsi ina ɗakin awon jarirai a asibitinmu na nan Tawa, wayata ta yi ƙara. Rakiya ce, babbar ɗiyar Tanti Hadiza. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Tanti Mariyama, Inna ta cika." Na yi salati, na ɗauke jaririn da ke kan sikeli na miƙa wa uwarsa, na fita baranda na zauna. Kuka bai zo mini ba a lokacin. Wani ɗaci ne ya taso mini, domin na san abin da matar nan ta sha kafin ta kwanta, kuma na san waɗanda suka shayar da ita.

A Tebaram na fara saninta. Ni ƴar Damagaram ce, sabuwar fitowa daga makarantar aikin jinya, aka jefa ni arewacin Adar inda ban san kowa ba. Ita ce ungozomar wurin. Ta ba ni ɗaki a gidanta, ta koya mini aikin da makaranta ba ta koya mini ba. Ta iya Tamashek, harshen Buzaye, daidai yadda za ta kwantar wa matar da ta zo daga ruga da hankali. Na sha ganin mai jego ta kawo mata kaza don godiya, ta mayar mata, ta ce, "Kai gida a yi miki romo. Ke kika zubda jini, ba ni ba."

Mijinta, Malam Isa, yana kasuwancin bisashe. Wata shekara damina ta ƙi, ya karɓi kuɗi da buhunan dusa a wurin wani attajirin hatsi na Tawa, Alhaji Mahamadu, don ya ceci dabbobinsa. Dabbobin suka mutu duk da haka, shi ma bai daɗe ba ya rasu. Ya bar ta da yara huɗu da bashin da ya fi albashinta na shekara uku. Babu takardar da ta sa wa hannu, kuma dangi sun ce ta yi shiru. Tana fita takaba ta yafa mayafi ta tafi shagon Alhaji, ni na raka ta.

Ta ce, "Alhaji, na zo kan bashin Malam."

Ya ce, "Hadiza, wa ya aiko a tambaye ki?"

Ta ce, "Babu kowa. Amma ba ni iya kwana ina tunanin shi yana can da nauyin wani bisa kai nai. Duk ƙarshen wata za ka gan ni."

Haka ta yi, har bayan an dawo da mu Tawa. Ranar da albashi ya fito, kafin ta sayi ko gishiri, sai ta ware na Alhaji. Ta kan ce mana mu ƙanana, "Ku fara hidda na mutane. Abin da ya saura, ko kaɗan na, shi na naku." Shekara da shekaru ban ga sabon zane a jikinta ba sai na salla, shi ma ba kowace salla ba.

Ajiya ɗaya ce gare ta. Mu ma'aikatan asibiti mun kafa asusu, kowa yana zuba abin da ya samu a wata, da niyyar duk wanda ya aje aiki a ba shi nasa dunƙule. Mai riƙon kuɗin shi ne Garba, ma'ajin asibitin, mutum mai yawan fara'a da carbi a hannu. Tanti ba ta taɓa tsallake wata ba. Lissafinta shi ne, ranar da ta aje aiki, ta karɓi nata ta rufe sauran bashin gaba ɗaya ta huta.

Saura ƴan watanni ta aje aiki aka buɗe littafin, aka tarar babu komai. Garba ya cinye. Shugabanmu, wanda muke kira Majo, ya tara mu a ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce maganar gida ce, kada a zubar da mutuncin asibiti, Garba yana da iyali, kuma yana da manya a sama. Ya fito da takarda cewa mun yarda a biya mu a hankali, ba za mu kai ƙara ba. Tanti ta karanta ta har ƙasa, ta ajiye biro, ta ce, "Majo, mutuncin wa kake tsaro? Nau fa, wa za ya tsare shi?" Ita kaɗai ta ƙi sa hannu. Ni na sa. Ina faɗin wannan a gaban kowa don ina jin ƙyamar kaina a duk lokacin da na tuna. Na ji tsoron a mayar da ni ƙauye, na bar matar da ta ba ni ɗaki ta tsaya ita ɗaya. Garba bai biya ko dala ba. Kafin shekara ta zagayo an ɗauke shi zuwa wani gari da ƙarin girma.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Da na je ba ta haƙuri, cewa ta yi, "Ke kina da ƙananan ɗiya, Mariyama. Tashi ki ɗora mana ruwan shayi."

Sai maganar fansho. A takardar haihuwarta an rubuta Hadiza, a takardar ɗaukar aiki an rubuta Hadijatu. A kan wannan aka riƙe haƙƙinta sama da shekara biyu. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, aka ce sai ta kawo shaidar cewa ita ce ita. Ta kai shaidar, aka ce ta ɓace. Ta sake kaiwa, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Sau nawa ta hau mota zuwa Yamai da ƙafafu a kumbure, ban iya ƙirgawa ba. Wani magatakarda, sa'an ɗanta, ya dube ta ya ce, "Tanti, dosiyen takardu ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an tura shi." Ta gane nufinsa. Ta ce masa abin turawar yana hannun wani tun tuni, ta tattara takardunta ta fito.

A wannan tsakanin ta koma sayar da ƙanƙara da lemun tsamiya a ƙofar gida, kuma ba ta daina zuwa shagon Alhaji ba. Wata rana na kai mata ziyara na ga ƙwayoyin maganin hawan jininta a tsattsage biyu-biyu cikin faranti. Tana shan rabi don na wata ɗaya ya kai ta biyu. Na yi mata faɗa, ni da na san ita ta koya mini illar hakan. Ta yi murmushi ta ce saura kaɗan. Daga ranar na riƙa sayo mata maganin, amma na makara.

Wata biyu kafin rasuwarta ta biya kashi na ƙarshe. Ta biyo ta asibiti, ta same ni, ta kama hannuna ta ce, "Yau na kwance Malam." Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na ranar ba.

Ranar sadakar uku sai ga Garba a babbar mota, da farar shadda. Ya nemi a fito masa da Rakiya zaure. Ya yi dogon bayani kan yadda Tanti ta kasance uwa gare shi, ya ciro ambulan ya miƙa, yana juyawa don wanda ya zo da shi ya ɗauki hoto da waya. Rakiya ba ta miƙa hannu ba. Ta ce, "Inna ta ce in ka zo in gaya maka, kuɗinta ke hannunka. Ba sadaka take bi ba." Ya mayar da ambulan aljihu, ya ce yarinya ce, zafin mutuwa ne, ya shiga mota. Majo yana zaune a wurin, kansa a sunkuye. Washegari aka aiko wa Rakiya daga ofishin fansho cewa in tana son haƙƙin marayu, ta kawo takardar mutuwa a buɗe sabon dosiye, kuma ta tabbata sunan ya dace.

Na yi alkawari wannan karon ni zan raka ta ofis-ofis, ko me zai biyo baya.

Ya Allah, baiwarka Hadiza ta zo gare ka babu haƙƙin kowa a wuyanta. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haɗa ta da Malam Isa a Aljanna. Ka ba Rakiya da ƙannenta haƙuri, ka tsare su daga buƙatar azzalumi. Mu da muka yi shiru, ka yafe mana, ka ba mu ƙarfin gyarawa. Waɗanda suka ci guminta kuwa, ka fi mu sanin su. Amin.