Kanwar da Malam Abdulgani Ya Ce Ta Zama Gishiri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, shida ga Nuwamban 1957, bayan azahar, aka aiko Fagge cewa maƙwabcina Malam Abdulgani, malamin kimiyya, ya cika. Ni Dabo mai kanwa ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na hana a gyara mini magana.

Malam, kai da ni ba mu taɓa shiri ba. Kai ka zuga aka kai jikana Hambali makarantar boko ina can Barno, har yau ban huce ba. Amma da jarrabawar su Hambali ta matso, kullum la'asar sai ka tara su a zaurenka kana maimaita musu karatu, ba ka karɓar komai. Da kanka ka taka Sabon Gari ka sayo musu kwalabe wajen wata 'yar kasuwa, Obiageli. Ni kuwa ina bakin ƙofa don inuwa kawai. Idona dai ya ga ka zuba ruwan kanwata cikin zoɓo ya rikiɗe kore, ka matsa lemon tsami ya koma ja. Ka ce musu akwai dangin tsami, akwai dangin kanwa, in sun gamu sai su kashe juna, su bar gishiri da ruwa.

Na leƙo na ce, "Ƙarya! Tun kafin a haife ka nake kanwa."

Ka yi dariya ka ce, "Baba, shigo mana, tabarma ba ta cizo."

Na rantse in ƙarya ce Hambali ba zai zauna jarrabawar ba, Barno zan tafi da shi fatauci. Ka ce ranar Alhamis za ka haɗa kanwa da lemon tsami ka shanya mini a rana in gani da idona. Ba ka kai ba.

Bayan sadakar uku na aro tasa a gidanka, na haɗa su da hannuna har ya yi kumfa, na ɗora tasar a kan soro. Ruwan ya ƙafe, wani fari-fari ya rage. Na lasa. Ba kanwa ba ce, ba lemo ba ne. Gishiri-gishiri ne, ko da yake ba za a yi miya da shi ba. To ina tsamin ya tafi? Me ya sa ya yi kumfa? Wa zan tambaya yanzu?

Hambali zai zauna jarrabawa. Na ce masa in ya fito ya zo ya amsa mini.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Sa'adiya, Allah Ya ba ki haƙurin rashin miji, Ya raya abin da ya bari. Tasarku tana wajena, ban gama da ita ba.