Ɗakin Hatsin da Suka Kulle Ɗana

Shekarar da ruwa ya cinye mana gero tun yana tsaye, damina biyu bayan rasuwar maigidana, ita ce shekarar da rijiya ta rufta da ɗana na fari. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Tun hantsi ƙasa ta danne su, shi da abokin aikinsa, sai bayan la'asar aka tono su. Nawa ya fito da rai. Ɗayan a jikin ɗana ya cika, yana jin sa.

Daga nan ya daina shiga ɗaki. A tsakar gida yake kwanciya ko ana ruwa. In ƙasa ta zubo daga katanga sai ya ƙwala ihu, yana tonon iska da hannu, yana kiran mamacin.

Ƙanin ubansa, wanda ya riƙe gidan, ya ce da ni, "Yaya, yaron nan fa ya zautu."

Na ce, "Malam, wane mahaukaci ne sallah ba ta wuce shi, kullum ya durƙusa ya gaishe ni?"

Ya ce wannan ba maganar mata ba ce. Ya kira wani mai kemis ya danna masa allurar mahaukata, wuya ya sanƙare, yawu na dalala. Suka tura shi ɗakin hatsi marar taga, suka sa kwaɗo. Mutumin da ƙasa ta binne da ransa, shi aka rufe a duhu! Kwana tara ina jin faratansa a jikin bango.

Surukansa suka kai ƙara a raba aurensa da 'yarsu, kawun nan ya ba da shaidar hauka da bakinsa. Alƙali ya ɗage zama wata guda.

Ni kuwa na fasa kwaɗon da taɓarya, na sa ɗana a motar Dutse. Likitar ƙwaƙwalwa da ta ga yana kallon ƙofa, sai ta bar ta a buɗe.

"Kana jin muryoyi suna ba ka umarni?"

"A'a."

"Kana jin ana bin ka, ko ana sa maka guba?"

"A'a, likita. Rijiyar ce ke dawowa."

"In ta wuce, ka san inda kake?"

"Na sani. Kunya ma nake ji."

Ta juyo ta ce, "Mama, wannan ba hauka ba ne, firgici ne. Mai wancan ciwon abin da babu yake gaskatawa. Ɗanki abin da ya faru ne ya ƙi sakin sa. Maganinsu ba ɗaya ba ne." Ta hana allurar. Duk mako yana zuwa su zauna su yi magana, har ya fara shiga zaure, daga baya ɗaki.

Na kai wa alƙali takardar likitar, na roƙi a karanta sau biyu a gaban kawun. Alƙali ya ƙi raba auren. To amma gari ya riga ya sa wa yarinyar suna matar mahaukaci, kullum kuka, har ɗana ya sawwaƙe mata da kansa. Bai sake aure ba.

Alƙalin ya rasu, mai kemis ma haka. Yarinyar tana Kafin Hausa da 'ya'yan wani. Ɗana yana nan, noma yake yi. Kawun ma yana nan, jinya ta kwantar da shi, sau uku yana aiko min in yafe masa. Na ce a gaya masa ni ma ina nan, kuma ban yafe ba.