Dattijon da ya ƙi shiga motata ranar Asabar

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a wani kamfani a nan Doha, aka haɗa ni da wani baƙo da ya zo taron 'yan wasanni. Dattijo ne Bayahude, siriri, ya haura saba'in. Ogana ya ce tsohon zakara ne a gasar tafiyar sauri, wadda ba a gudu, dole ƙafa ɗaya tana ƙasa kullum. Na ce ikon Allah, har tafiya ma ana cin kofi da ita? Oga ya ja min kunne: "In wani abu ya same shi, halas, shi ke nan, ka haɗa kayanka."

Ranar Juma'a na roƙe shi na tsaya masallaci. Ya zauna a inuwa ya jira ni, ko tsaki bai yi ba.

Washegari Asabar za a karrama shi a filin wasa a Al Rayyan. Na isa otal da hantsi, aka ce ya fita tun ɗazu a ƙafa, wayarsa ma tana ɗaki. Tsoho, ga zafin Doha! Na fara hango kaina a jirgin Kano da jaka ɗaya.

Na bi hanya ina dube-dube, sai ga shi a gefen titi yana karkaɗa ƙugu, hannuwa na kai da komo. Na sauke gilashi: "Baba, don girman Allah ka shigo!"

Ya ce, "Yau Asabar ce, ɗana. A addinina ba na hawa mota, ba na ɗaukar kaya."

Na ajiye mota, na ɗauki gorar ruwa na bi shi da takalmin aiki, wai ni ne zan tare shi in ya faɗi. A hanya yake ba ni labari: yana ƙarami, wurin ibadarsu da nisa, duk Asabar a ƙafa suke zuwa da mahaifinsa. In ya yi gudu a harare shi, in ya yi nawa a bar shi a baya. A nan ya koyi sana'arsa. Ya zama zakaran ƙasarsu, amma gasar duniya da ya fi buri ta faɗo ranar Asabar, ya ƙi fita. Ya ce har yau abin yana masa ciwo.

Ni dai harshena na waje. Na zube a rumfar jiran bas, na ce, "Baba, za ka makara saboda ni."

Ya zauna kusa da ni ya ce, "Jiya na jira ka yi ibadarka, yau kai ka bar motarka saboda tawa. Sha ruwanka."

Muka isa, ni sharkaf da gumi, shi ko haki babu. Oga ya buɗe baki zai fara faɗa, dattijon ya dafa ni ya ce, "Wannan ne direba na farko da ya taɓa kawo ni a ƙafa." Aka kwashe da dariya. Na sauke ajiyar zuciya, alhamdulillah, aikina ya tsira.

Har yau in na tuna, kunya nake ji. Ni da fasinja ɗaya kan sa na jinkirta azahar, ga mutumin da ya bar kofin duniya saboda ranar ibadarsa. Tun daga ranar, in lokacin salla ya yi, ko wa na ɗauko, sai na nemi wuri na tsaya.