Sule Na-Gwada da Irin Masara

Duk wanda ya ci kasuwar Juma'a ta Wudil a wancan zamani ya san muryar Malam Sule. Kafin ya ambaci sunan kaya a lasifika, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Na gwada!" Sunan da ya bi shi ke nan har kabari. Ni ne direban motar tallan, shekara shida muna yi wa wani kamfanin tallata kaya na Kano aiki, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Abin da bai gwada da kansa ba, ko za a yanka shi, bakinsa ba zai yabe shi ba.

Aka kawo mana man kitso na mata. Malam kuwa sanƙo gare shi, ko sili ɗaya babu. Sai ya dinga lafta shi a gemu har kwana bakwai, ƙudaje na yi mana rakiya. Na ce, "Haba Malam, ba ga iyali a gida ba?" Ya ce, "Habu, bakin iyali za a sa a lasifika ko nawa?"

Ranar da maganin ɓera ya zo, manaja ya so tsokana. Ya ce, "To Malam, wannan cokali nawa za ka sha?" Malam ko murmushi bai yi ba. "Yallaɓai, wannan na masu cin abin da ba nasu ba ne. A fara gwada shi a ofis."

Wata rana aka aiko da takarda daga Kano, wai ana son a san ko ma'aikata na jin daɗin aiki. Gida uku aka zana: sosai, kaɗan, ko alama. Mu duka muka zaɓi sosai, don wa zai yi wasa da tuwonsa? Malam ya zana gida na huɗu da bironsa, ya rubuta: "Ranar da na faɗi gaskiya." Manaja ya ce wannan ba ya cikin tsari. Ya ce, "Ai shi ya sa na ƙara."

Dariyarmu ta ƙare a shekarar da sojoji suka koma bariki. Gab da damina aka jibge mana irin masara, wai sabon samfuri. Malam ya shuka ƙwaya ashirin a gwangwanaye a bayan gidansa, yana ban ruwa safe da yamma.

"Yallaɓai, uku suka fito," ya gaya wa manaja, "su ma kamar masu jin kunya."

"Talla aka ɗauke ka, ba noma ba. Ko ka yabe shi, ko ka ajiye lasifikar."

A mota na roƙe shi. Na ce, "Malam, 'ya'ya takwas fa! Ka ce ga iri ya zo kawai, kar ka ce ka gwada." Ya ce, "Habu, mutanen nan ko tari na yi a lasifika, 'na gwada' suke ji."

Ranar Juma'a ya hau bayan mota. "Jama'a! An ce mulkin farar hula ya zo, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. To irin nan na gwada, bai tsiro ba! Kowa ya shuka nasa na rumbu!" Kasuwa ta ɗauki shewa. Kafin la'asar an kore shi. Yana naɗe tabarmar sallarsa ya ce min, "Farar hular ma na gwada. A kamfani ba ta tsiro ba."

Ni aka miƙa wa lasifikar, kuma na karɓa. Na kai irin nan ƙauyukan Utai da Indabo, inda labari bai isa ba. Mutane na hango mota suka ce, "Motar Na-Gwada ce!" Suka saya babu tambaya, ni kuma na yi gum. Da kaka na bi ta wajen, gonakin da aka shuka shi sai ciyawa. Wani tsoho ya tare ni ya ce, "Ka gaya wa Sule, mun bar shi da Allah." Ban gyara masa ba. Tsoro ne ya hana ni, kuma har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

Malam ya koma sayar da goro a tasha, bai ƙara samun aiki ba. Da ciwo ya kwantar da shi na je da niyyar faɗa masa komai. Ya rame ƙwarai, amma yana ganina ya yi dariya. "Habu, ga wani kaya zan gwada, sai dai ba zan dawo in ba ku labari ba." Na yi dariya, na yi kuka, na fito ban faɗa ba. Bayan kwana biyu muka kai shi.

To mutanen Utai da Indabo, ku ji da kyau. Malam Sule bai sayar muku da irin nan ba, aikinsa ma ya rasa a kansa. Ni ne, Habu direba.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku yafe min, tun ina da bakin roƙo.